Ƙarfen Zamiya da Ya Yanki 'Yar Maƙwabciyata

Filin wasan yara ɗaya ne tak a garinmu, wani ɗan gari da ke kan hanyar Kafanchan zuwa Samaru Kataf. Wani tsohon ciyaman ne ya sa aka kewaye shi da waya, aka kafa lilo, da wani dogon katako da yara biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, sai kuma ƙarfen zamiya, wanda yaro zai hau tsani ya zauna a can sama ya sulalo ƙasa. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma duk ranar Lahadi, idan an tashi daga sujada an ci abinci, rana ta yi sanyi, nan muke kai yaranmu. Mu iyaye mata mu baje ƙarƙashin mangwaron da ke gefe, wata na ɓarar gyaɗa, wata na tsefe kan 'yarta, muna hira muna jin ihunsu.

Ni malamar firamare ce, kuma autata tana aji biyu a lokacin. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tana da shagon robobi da kwanuka a kasuwar Kafanchan. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa tsabta. 'Yarta sa'ar tawa ce. Tare suke tafiya makaranta, tare suke dawowa, har mutane kan ɗauka tagwaye ne.

Damina a wurinmu ba ta wasa da ƙarfe. Wata Lahadi wajen ƙarshenta, 'yata ta zo wurina tana kuka, ta riƙe bayan rigarta ta zuwa coci. Rigar ta tsage tun daga ƙugu har ƙasa, tsaf kamar da almakashi. Na juya ta na duba jikinta, ko ƙwarzane babu. Na ce ta nuna mini inda abin ya faru, ta ja ni zuwa ƙarfen zamiya. Can kusa da ƙasa, inda aka haɗa falle biyu na ƙarfen, tsatsa ta cinye waldar, bakin falle ɗaya ya ɗago kamar murfin gwangwanin da aka buɗe da wuƙa. Na ɗan shafa yatsa a kai, sai ga jini.

Akwai wani tsohon maigadi da ke zama a bakin ƙofa. Na kira shi na nuna masa.

Ya ce, "Malama, na gani tun kwanaki. Amma ni ƙofa aka ba ni. Ƙarfe na manya ne."

Na cire tsohon zanen da na shimfiɗa na naɗe wurin da shi, muka jawo ƙaya muka tare tsanin. Kafin Lahadi ta sake zagayowa yara sun janye ƙayar. Yaro yaro ne.

Sai na shirya, bayan an tashi daga makaranta, na hau mashin na tafi sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Ban je da faɗa ba, Allah ne shaidata. A zatona ba su sani ba ne, da zarar sun ji za su aiko. Na fara da sashen walwalar jama'a, wata mata da ke cin dafaffiyar masara a kan tebur ta ce su marayu da bukukuwa ne aikinsu, in je wurin duba-gari. Duba-gari suka ce su shara da kwata ne nasu, in je sashen ayyuka. A sashen ayyuka na zauna a kan benci har ƙafata ta yi tsami kafin aka ce in shiga wurin oga.

Mutum ne mai jiki, da ƙaton agogo a hannu, yana kallon ƙwallo a waya. Na gaishe shi, na faɗi aikina, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai rage ƙarar wayar ba.

Ya ce, "Wani ya mutu ne?"

Na ce, "A'a, Yallaɓai."

"Wani ya ji ciwo?"

"Tukuna dai. Rigar 'yata ce ta yage, amma da a ce..."

"To Madam, ai tela za ki nema, ba ƙaramar hukuma ba."

Mutanen da ke zaune a ofis ɗin suka kwashe da dariya. Shi ma ya ji daɗin maganarsa, har ya maimaita ta ga wani da ya leƙo. Na tsaya ina kallonsa. Na yi shekara da shekaru ina koya wa yara su girmama na gaba da su, abin da ya riƙe mini baki ke nan. Ya ce in rubuto a takarda. Na rubuta a nan take a kan gwiwata na miƙa, ya ɗora wayarsa a kai.

Kansilan mazaɓarmu dattijo ne a ikilisiyarmu, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Na tare shi a bakin coci bayan sujada. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, fuskarsa cike da tausayi.

Ya ce, "Malama, Ubangiji ya sa miki albarka saboda wannan zuciya taki. Za mu sa abin nan cikin addu'a, kuma zan kai maganar gaba."

Na ce, "Baba, addu'a ba ta walda."

Ya saki hannuna. Daga ranar, idan ya hango ni, sai ya tuna yana da magana da fasto.

Ƙanen mijina mai walda ne. Na kai shi ya duba, ya ce aikin yamma ɗaya ne, kuma ba ya son ko sisi, yaransa ma a nan suke wasa. Sai dai ya ce a nemo masa izini, kada a ce ya taɓa kayan gwamnati. Na sake hawa mashin na koma wurin oga da murnata, na ce ga sauƙi ya zo, ba za su kashe komai ba. A wannan karon ya ajiye wayar.

Ya ce, "Madam, ki ja wa ɗan'uwanki kunne. Duk wanda ya sa hannu a kayan nan, 'yan sanda ne za su zo su ɗauke shi. Akwai kwangilar gyara tana zuwa."

A lokacin na gane. Idan aka gyara a kyauta, wani zai rasa abin da yake jira.

Da na dawo gida ina ta sababi, mijina ya bari na gama, sannan ya ce, "Maman yara, ki tuna a ƙarƙashinsu kike aiki. Suna iya tura ki ƙauyen da ko mashin ba ya shiga da damina. Ki hana namu hawa, ki gaya wa sauran iyaye, ki bar musu abinsu."

Na hana tawa. Na gaya wa iyaye a coci, na gaya musu a bakin famfo, na faɗa wa yara a taron safe na makaranta. Wasu suka ji, wasu suka ce Malama ta cika tsoro.

Kwangilar ta zo ana gab da Kirsimeti. Wata safiya zan wuce, na ga samari biyu da bokitan fenti a cikin filin. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe dai suna da kunya. Da yamma na shiga na duba. Sun shafe lilo da ja, katako da kore, ƙarfen zamiya da ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Bakin ƙarfen yana nan a ɗage yadda yake. Har guntun zanena da ya maƙale a wurin ba su cire ba, sun bi ta kansa da fenti. Da can tsatsar takan sa uwa ta ja hannun ɗanta. Yanzu sun rufe ta, abin ya koma sabo fil a ido.

Mata suka riƙa tare ni a hanya suna cewa, "Malama, kin ga ƙorafinki ya yi aiki, sun gyara." Na gaji da cewa ba su gyara komai ba.

Kashegarin Kirsimeti filin ya cika maƙil, har da yaran da suka zo hutu daga Kaduna da Abuja, kowa cikin sabbin kaya. Maƙwabciyata ba ta tafiya gabas, ƙasar Ibo, da Kirsimeti kamar sauran 'yan kasuwa, takan ce ita nan ne gidanta. Muna zaune ƙarƙashin mangwaro tana ba ni cincin ɗin da ta soya. 'Yarta ta san an hana. Amma ta ga baƙin yara sun yi layi a tsani suna dariya, ta ga fenti yana ƙyalli. Yawancinsu sukan dira gefe kafin su kai ƙasa, ko su tsira saboda wandon jins. Ita gajeriyar riga ce a jikinta.

Na sha jin kukan yara, aikina ke nan. Ban taɓa jin irin wannan ba. Kafin in miƙe, uwar ta riga ta kai wurin. Ƙarfen ya buɗe bayan cinyar yarinyar tun daga sama har kusa da gwiwa. Na ga farin nama kafin jini ya rufe shi. Uwar ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure, ni na cire nawa na ƙara, duka biyu suka jiƙe nan da nan. Wani saurayi ya ruga titi ya tsayar da keke mai ƙafa uku na haya, ya sauke fasinjojin da ke ciki.

A hanyar Kafanchan yarinyar tana kwance a kan cinyoyinmu, ni na danne ciwon da hannu biyu, uwar ta rungume kanta tana kiran sunan Yesu. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, yi haƙuri, kar ki dake ni. Ba zan sake hawa ba."

Ita ce ke ba da haƙuri. Yarinyar da ko haƙoran gaba ba su gama fito mata ba. Daga cikin duk mutanen da ke da hannu a abin nan, ita kaɗai ce na taɓa jin ta ce a yi haƙuri, har yau da nake wannan rubutu.

A asibiti aka yi mata ɗinki mai tsawo, aka yi mata allurar tsatsa. Likitan ya ce da ya ƙara nutsawa kaɗan, da ya taɓa jijiya. Uwar ba ta yi kuka ba sai da aka gama. Ta fita waje ta jingina da bango, ta zame ta zauna a ƙasa.

Da aka koma aiki bayan sabuwar shekara, ban tafi ni kaɗai ba. Na kai maganar gaban zumuntar matan cocinmu. Shugabarmu wata tsohuwa ce da ta yi aikin ungozoma har ta yi ritaya, rabin garin ita ta karɓi haihuwarsu. Ta ce kowa ta ɗaura zanen zumunta. Maƙwabciyata ta zo da matan cocinsu na Katolika, matan Musulmi na bayan kasuwa su ma suka biyo mu, don yaransu ma a filin suke wasa. Muka cika motoci biyu.

Ba mu zauna a benci ba a wannan karon. Muka tura ƙofa muka shiga, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a baranda. Maƙwabciyata ta buɗe leda ta zaro rigar yarinyar, wadda ba ta wanke ba, jinin ya bushe ya yi baƙi, ta shimfiɗa ta a kan teburin oga.

Na ce, "Yallaɓai, ga wata rigar ta sake yagewa. Wane tela za mu kai wa?"

Babu wanda ya yi dariya. Ya tura kujerarsa baya, ya dubi rigar, ya dube mu. Na yi zaton zai ce sannu. Da ko sannu kawai ya ce, da wataƙila ban rubuta wannan ba.

Ya ce, "To ina iyayen yarinyar suke lokacin da abin ya faru? Ku mata kuna zuba surutu ku bar yara, sannan ku zo ku ɗora wa gwamnati."

Maƙwabciyata ta ce, "Ni ce uwarta. Ina wurin."

Ya ƙare mata kallo, ya ji sunan Ibo da mata suke kiranta da shi, sai ya ce, "Madam, ke ma 'yar wace ƙaramar hukuma ce? Ai ba 'yar nan ba ce ke."

Na san ta shekaru da yawa, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko a kasuwa. Ranar ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Babana ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan tun kafin a haife ka. A nan ya mutu, a nan muka binne shi. Ka je ka tambayi ƙarfen ko ya nemi takardar asalin 'yata kafin ya yanke ta."

Ni kam ban iya riƙe kaina kamar ita ba. Na buga tebur har agogon bangonsa ya motsa, ko kuwa idona ne. Na gaya masa na zo nan da ƙafata tun damina. Na gaya masa na kawo mai gyara a kyauta ya yi mana barazana da 'yan sanda. Na ce wanda ya ga rami a hanya ya rufe shi da ganye ya fi wanda ya haƙa ramin mugunta, kuma shi ne ya sa aka shafa fentin nan. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Mata a baranda suka ɗauki waƙar coci, irin wadda muke yi a gidan makoki, ma'aikata suka fito daga ofisoshi suna kallo.

Tsohuwar shugabarmu ta matsa kusa da shi ta ce, "Ɗana, na san uwarka. Idan jikarta ce aka ɗinke haka, me za ka gaya mata?"

Sakataren ciyaman ne ya sauko da sauri, yana ta "iyayenmu mata, iyayenmu mata," ya ce ciyaman ya yi tafiya amma ya ji komai ta waya, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi alkawarin za a ɗauki mataki cikin gaggawa. Ya sa aka kawo mana ruwan leda. Babu wadda ta sha.

Sun ɗauki matakin kuwa. A makon nan suka zo suka sa wa ƙofar filin sarƙa da kwaɗo, suka rataya allo wai ana gyara. Aka sallami tsohon maigadi. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce an yi masa waya daga sama, in riƙa tuna cewa ni ma'aikaciya ce. Na ce masa na tuna, kuma ni uwa ce.

Muka jira gyara. Ista ta zo ta wuce, ruwa ya sauka, ciyawa ta haura lilo. Allon ya koɗe har ba a iya karanta shi. Wata rana da rana tsaka na ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun shiga da zarto da guduma, suna yanka ƙarafan suna lodawa a kura, har da lilon da babu abin da ya same shi. Na tambaye su wa ya ba su izini, suka ce daga ofis aka sayar musu. Su ba a kira musu 'yan sanda ba. Ba a jima ba aka sare mangwaron, aka zuba siminti, wani ya buɗe wurin wankin mota, da rumfar shan giya a bayansa. An ce ɗan'uwan wani babba ne. Ban sani ba, ban kuma damu in sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin mutanenmu. Yara suka koma buga ƙwallo a bakin titi, inda 'yan mashin ke gudu kamar an koro su. Sai ga wata mata, wadda da bakinta ta yi waƙa a barandar sakatariya, ta ce mini a bakin famfo, "Malama, da kin yi shiru, da yanzu yaranmu suna da wurin wasa." Wani dattijo ya ce wa mijina ya riƙa ja wa matarsa linzami. Har 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai yara sun ce mamanta ce ta sa aka rufe fili. Mutumin da ya yi dariya, da wanda ya shafa fenti, da wanda ya sayar da ƙarafan, babu wanda ya ambace su. Ni ce mai laifi, don na ce ƙarfe yana da kaifi.

Yarinyar ta warke, tana tafiya lafiya lau. Tabon yana nan, dogon tsiri mai kauri kamar an manna igiya. Ta daina sa gajeriyar riga, ta daina shiga gudu ranar wasannin makaranta, alhali da ita ce ta ɗaya a ajinsu.

Bayan an yi zaɓe an canja mutane, na sake komawa sakatariya ni kaɗai. Mijina ya ce me zan je nema, na ce ina so in ji da kunnena inda filin yaranmu ya tafi. Ogan ayyuka ba ya nan, an ce an ƙara masa girma an mai da shi wani wuri. Wani matashi ne a kujerar, mai fara'a, har ya miƙe ya ba ni wurin zama, yana kirana Mama. Na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara sosai, yana girgiza kai. Da na gama sai ya kira wani ma'aikaci suka yi ƙus-ƙus, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Mama, a iya saninmu dai ƙaramar hukumar nan ba ta taɓa samun filin wasan yara a wannan wurin ba. Kin tabbata ba wani garin kike nufi ba?"

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, cikin ladabi.

Na ɗauki jakata na fita. Ɗan mashin ɗin da ya kawo ni yana jira a bakin ƙofa, ya tayar da mashin, na ce ya tafi abinsa. Na san idan na zauna a bayan mutum a wannan hali, shi zan sauke wa abin da bai ji ba bai gani ba. Da ƙafa na koma gida cikin rana, ina magana ni kaɗai a bakin titi, masu wucewa suna waiwayena.